Ka Ce Ka San Kakanninka? Lissafo Mu Ji

Malam, ajiye wayar nan tukuna, lissafi za mu yi. Sunan mahaifinka ba gardama, yana jikin katinka. Na kakanka? Ka faɗa da ƙarfi, madalla. Uban kakan fa? Na ji ka ɗan yi gyaran murya. Kakan kakan? A'a, kar ka ce mini "Malam Babba". Wannan ba sunan yanka ba ne, alkunyar matan gida ce. Wadda ta haifi uban kakan naka kuma, 'yar wane gari ce, wa ya aurar da ita? To fa. Ga shi ka koma ƙirga azarar ɗaki.

Ka ce ai dai an san daga Gabas kuka fito? Yo wa ya fito daga wani wuri? Wanda bai taso daga Bagadaza ba daga Yaman ya taso, wanda ya rasa duka biyun ya rungumi Barno, mai dogon hanci kuma ya juya yamma ya ce Futa Toro. Na daɗe ina sauraron salsalar mutane, ban taɓa gamuwa da wanda kakansa ya fito daga ƙauyen bayan kasuwa ba. Su wa suka cika waɗancan ƙauyukan, oho.

Ba faɗa na zo yi ba. Labarin wani Ba'amurke na kawo maka, wanda ya bi sawun danginsa har hawa bakwai, duniya ta tafa masa, sannan takarda ta kwance masa zani a kasuwa. Gyara zama, don sai ka sauya sheƙa sau biyu kafin mu gama.

Sunansa Alex Haley, an haife shi a 1921. Ya yi ƙuruciyarsa a wani ɗan gari mai suna Henning a jihar Tennessee, gidan kakarsa ta wajen uwa, Cynthia. Da rani 'yan'uwanta tsofaffi sukan zo, a zauna a baranda bayan cin abincin dare, a yi ta jan zaren dangi. Kullum a wuri ɗaya zaren yake ƙarewa, a kan wani mutum da suke ce wa Ba'afirken nan. Sun ce sunansa Kinte. Sun ce ya shiga daji saran icen da zai sassaƙa ganga aka cafke shi. Jirgi ya sauke shi a wani wuri wai shi Naplis, wani Bature mai suna Waller ya saye shi ya kai shi Bajiniya, ya laƙaba masa Toby. Ya yi ta gudu ana kamo shi, har aka sare masa rabin ƙafa. Ya haifi 'ya, Kizzy, yana nuna mata abubuwa yana faɗa mata sunansu da harshen garinsu: jita ya ce mata "ko", kogi ya ce "Kambi Bolongo". Kizzy ta faɗa wa ɗanta George mai haɗa zakaru faɗa, George ya faɗa wa ɗansa Tom maƙeri, Tom ya faɗa wa Cynthia, Cynthia ta zuba a kunnen jika.

Ka ce tatsuniya ce, saura ƙurunƙus? Haba Malam! Mutanen da doka ta hana su karatu da rubutu, aka raba su da sunansu, ake sayar da uwa gabas a sayar da ɗa yamma, sun riƙe suna ɗaya da 'yan kalmomi na shekara fiye da ɗari da hamsin. Kai da allo ke hannunka tun kana ɗan shekara biyar, ka kasa wuce mutum huɗu. Wa ya kamata ya yi wa wani dariya?

Ka ce ai ƙasar Bature ce, komai a rubuce yake, sai dai mutum ya je ya ɗauko fayil ɗin kakansa? Daga nesa kake hange. Gaskiya ne Amurka tana ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790. Amma je ka duba takardar ƙidayar bayi ta 1850 ko ta 1860. A hagu sunan ubangida ne, cikakke. Ƙarƙashinsa kuma layi-layi: shekara kaza, namiji, baƙi, shekara kaza, mace, baƙa, shekara kaza, mace, ruwa-biyu. Ba suna. Mutum kusan miliyan 4 aka ƙirga haka a 1860. Sai a ƙidayar 1870, bayan an 'yanta su, aka fara rubuta su da sunayensu. Saboda haka duk baƙin Ba'amurke jikan bayi da ke neman asalinsa, in ya ja da baya ya kai 1870, sai ya yi karo da bango. Daga nan dole ya daina neman kakarsa ya koma neman wanda ya mallake ta: wasiyyar ubangidan, takardar jinginar da ya yi, lissafin dukiyarsa ranar rabon gado. A nan zai tsince ta, tsakanin gadon kwana da alfadari, da farashinta a gefe.

Haley ya yi shekara 20 a rundunar tsaron gaɓar teku, ya fito ya zama marubuci, shi ya rubuta tarihin rayuwar Malcolm X daga bakin mai shi, wanda ya fito a 1965. A wannan tsakanin ne ya shiga gidan adana takardun ƙasa da ke Washinton, ya nemi ƙidayar 1870 ta gundumar Alamance a Karolina ta Arewa. Ba littafi aka miƙo masa ba, naɗin fim ne da ake sa wa a na'ura ana murɗawa, shafuka suna wucewa a gilashi. Ya yi ta murɗa, sunayen mutanen da bai sani ba suna ta wucewa. Sai ga Tom Murray, maƙeri. Ga matarsa Irene. Ga 'ya'yansu a jere, ciki har da wata 'yar yarinya Elizabeth, wadda shi ya san ta tsohuwa tukuf mai taba a baki a barandar Henning.

Ka gani? Baki ya faɗa, takarda ta sa hannu. Da ya ci gaba da wannan takun, hawa bayan hawa, da yau ba ni da abin zolaya.

Amma wa zai tsaya kan maƙeri alhali Afirka na yafito shi? Ya ɗauki kalmomin nan ya kai wa Jan Vansina, masanin tarihin baka ɗan ƙasar Beljiyam da ke koyarwa a Jami'ar Wisconsin. Aka ce sun yi kama da Mandinka: "ko" mai yiwuwa kora ce, molon Mandinkawa mai tsirkiya 21, "bolongo" kogi ne, Kambi kuwa ga Gambiya nan, Kinte kuma sananniyar zuriya ce a can. Har nan lafiya lau. A 1967 ya sauka Gambiya, ya zauna da manya a babban birni, ya zazzage musu labarin kakarsa tas: sunan, dajin, gangar, komai da komai. Ka ɗaure wannan a haɓar riga, za mu dawo kansa. Ba a jima ba aka aiko masa cewa an samo wani dattijo, Kebba Kanji Fofana, wanda ya san tarihin gidan Kinte. Haley ya kwashi tafintoci da makaɗa ya nufi ƙauyen Jufure. Dattijo ya yi ta jero zuriya, daga wani malami Kairaba Kunta Kinte da ya zo daga Muritaniya, zuwa ɗansa Omoro, zuwa 'ya'yan Omoro maza huɗu. Can sai ya ce babbansu, Kunta, ya fita saran ice a zamanin da sojojin sarkin Ingila suka zo, ba a sake ganinsa ba. Mata suka riƙa miƙa wa baƙo jariransu. Haley ya ce a hanyar komawa kuka ya yi.

Daga nan ya wuce Landan, ya tono takardun jiragen ruwa, ya samo wani jirgi mai suna Lord Ligonier da ya bar Kogin Gambiya ran 5 ga Yuli 1767 da bayi 140, ya isa Annapolis ran 29 ga Satumba da 98 a raye. Naplis ke nan! Jaridar Maryland Gazette ta 1 ga Oktoba ta buga tallan sayar da su. Ya koma Bajiniya ya sami takardar 1768 wadda John Waller ya miƙa wa ɗan'uwansa William, likita, fili da kaya da wani bawa Toby. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Littafinsa Roots ya fito a 1976, aka ba shi lambar Pulitzer ta musamman a 1977. A watan Janairun wannan shekara aka nuna fim ɗin a talabijin dare takwas a jere, daren ƙarshe mutum wajen miliyan 100 suka kalla. Baƙi da farare suka yi wa gidajen adana takardu tsinke, kowa na neman kakansa.

Ka ce to me ya rage, gani ya kori ji? A'aha! Ɗazu kai ne mai cewa tatsuniya, yanzu an nuna maka sunan jirgi da kwanan wata ka miƙa wuya. Tambaya ɗaya zan yi maka. A takardun jirgin nan, ina aka rubuta Kunta? Babu. Jiragen bayi adadi suke rubutawa, ba ruwansu da suna. Jirgin gaskiya ne, mutum 42 da ba su kai gaɓa ba gaskiya ne, amma Haley ne ya ɗauki kakansa ya saka a ciki da hannunsa, don shekarar ta yi masa daidai. Shekarar kuma daga ina? Daga maganar sojojin sarki. Maganar daga bakin wa? Fofana. Shi Fofanan daga wa ya ji?

A nan ake yin ta. A watan Afrilun 1977 wani ɗan jarida, Mark Ottaway na Sunday Times ta Landan, ya je Gambiya ya bi sawu, a 1981 kuma masanin tarihi Donald Wright ya ƙara tonawa. Ashe Fofana ba jali ba ne na gado, irin waɗanda ake horarwa tun suna yara su haddace zuriyar gidaje. In an sake tambayarsa, labarin yakan ɗan juya, dangi su sauya wurin zama. Uwa uba, labarin Haley ya riga Haley isa ƙauyen. Kwance haɓar rigar yanzu. Ka taɓa zuwa biki maroƙi ya tare ka da sunan kakanka, kanka ya yi girma, ka zaro 'yar dubu ka manna masa? Ka ɗauka bugun ƙasa ya yi? Yaron da ya raka ka ya tambaya a ƙofa. Ba'amurke ya tsallako teku da kuɗin guzuri da hawaye a ido, ya riga ya faɗi amsar da yake so, sannan ya yi tambaya. In kai ne dagacin garin, hannu rabbana za ka bar shi ya koma?

Ko Jufuren ma ba haka take ba. Ya zana ta ƙauye can cikin lungu inda Bature sai dai a ji labarinsa. Alhali tana bakin kogi, daura da tsibirin da Ingilishi suka gina ganuwarsu, maƙwabciyar Albreda inda Faransawa ke ciniki, sarakunan Niumi kuma sun daɗe suna karɓar kuɗin fito daga jiragen Turawa.

Ana wata ga wata. A 1981 wasu miji da mata, Gary Mills masanin tarihi da Elizabeth Shown Mills gwanar binciken salsala, suka zauna da takardun gidan Waller na gundumar Spotsylvania, ba takarda ɗaya ba, dukkansu, bi da bi. Suka sami Toby, ƙwarai kuwa. Sai dai Toby yana cikin takardun tun 1762, shekara biyar kafin Lord Ligonier ya tashi. Mutum yana noma a Bajiniya, kuma bai bar Gambiya ba tukuna! Alamu kuma sun nuna ya rasu shekaru kafin lokacin da aka ce an haifi Kizzy. Haley ya ga suna ɗaya a takarda ɗaya, ya yi daidai da abin da zuciyarsa ke so, ya rufe fayil ya tashi. Ga kuma ƙarar da marubuci Harold Courlander ya kai, cewa an ɗebi wasu sassa daga littafinsa The African na 1967. Aka sasanta a 1978 kan dala 650,000, Haley ya amsa cewa wasu sassan sun shigo littafinsa.

Ka ce ai dama ka faɗa, ramin ƙarya ƙurarre ne, tsofaffin nan shaci-faɗi suka yi? Ka sake sauya sheƙa ke nan, na biyu, kamar yadda na yi maka alkawari. To saurara, don nan ne daɗin labarin. Su waɗannan Mills ɗin da suka rushe ginin, da suka ƙara hawa ɗaya baya zuwa ga mahaifin likitan, Kanal William Waller, sai suka tarar yana da wani bawa da takarda ta kira Hopping George, wato George mai ɗingishi. Yana kuma da wata baiwa Isbell, alhali tsofaffin Henning sun ce matar Ba'afirken sunanta Bell. Iyalin Lea kuma, waɗanda aka ce su suka sayi Kizzy, suna da tushe a wannan gunduma ta Spotsylvania. Ban ce shi ne ba. Su ma ba su ce ba, don su ba sa rantsuwa kan abin da ba su gani ba. Amma duba abin da tsofaffin baranda suka riƙe ba tare da alƙalami ba: gidan Waller, gundumar, gurguwar ƙafa, sunan mata. Baki yakan haɗiye hawa guda, ya ɗauki abin da ya sami uba ya ɗora wa ɗa, wannan halinsa ne. Takarda kuma takan yi shiru inda ba a ɗauki mutum a bakin komai ba. Wanda ya ɓata lissafin shi ne jika mai zumuɗi, da kwantiragin littafi a aljihu da masu bugawa suna jira.

Abin haushin ma, Malam, ka fi Haley kayan aiki. Tun a makarantar zaure aka koya maka cewa ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa, ko sun yi zamani ɗaya, ko mai ruwayar yana da mantuwa, ko yana da abin da zai ci a ciki. Malaman hadisi sun gama tsefe wannan fanni fiye da shekara dubu da ta wuce. Da an miƙa wa ƙaramin ɗalibi ruwayar Fofana, da kafin la'asar ya ajiye ta gefe. Amma in aka zo kan salsalar gidanku sai ka naɗe ma'aunin ka tura a aljihu. "Haka muka taso muka ji." Daga wa? "Daga manya." Waɗanne manya? "Kai, ka cika tonon silili."

Ka ce mu ai ba mu da takardu? Ba ka nema ba dai. A gidan adana takardun ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin kimanta haraji da Turawan mulki suka rubuta gunduma-gunduma, da tarihin garuruwa da jerin dagatai da wanda ya haifi wane. Akwai Arewa House a garin. Akwai littattafan kotunan alƙali, inda rabon gado ke fito da abin da hira ke ɓoyewa, domin ranar raba gona ba a manta mata ko ɗa, ko an manta za su zo da ƙafarsu. A gida kuma akwai adakar nan da ba wanda ya buɗe tun rasuwar tsoho: takardar gona, rasit ɗin haraji, fasfon aikin hajji, littafin rubutun hannu wanda mai kwafarsa ya sa sunansa da na ubansa a ƙarshe. Sarakuna kam sun huta, littafin tarihin Kano ya jero su tun daga Bagauda. In kakanka ba ya ciki, don Allah kar ka tura shi ta taga.

Amma kar ka ɗauka takardarmu waliyyiya ce. Tarkon Toby yana nan yana jiranka. Toby nawa ne a Bajiniya? Audu nawa ne a Kano? Mutum ɗaya a rubuta shi Mamman a nan, Muhamman a can, Mohammed a takardar asibiti, gida kuma ba wanda ya san shi sai da Ɗan'azumi. Makarantar boko ta zo ta manna wa yara sunan gari, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, don haka Musa Funtuwa biyu a rajista ɗaya ba lallai ne ko maƙwabtaka sun haɗa ba. Ranar haihuwa kuwa, kai ma ka san yadda takardar rantsuwar shekaru take. Rabin gari 1 ga Janairu aka haife su, ungozomomi ba su runtsa ba ranar. In kana son shekarar gaskiya, bar takarda ka koma wurin tsohuwa da ƙugiya: an haife shi kafin Turawa su ci Kano a 1903 ko bayan nan? Yana da wayo lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911? Ya ga yunwar 1914? An yi auren kafin zuwan Sarauniya a 1956 ko bayan canjin kuɗi na 1973? Tsohuwa ba ta san lamba ba, amma ba ta manta shekarar da aka kwana da yunwa.

Hajiya, na ga kina dariya a gefe. Ke ma lissafo mana ta wajen uwa. Ko da yake kina da abin taƙama, don a gidan Haley da ba don Kizzy da Cynthia da tsofaffin baranda ba, da ko Toby ɗin ƙaryar ba a samu ba. Masu bincike a Amurka kuma babban ciwon kansu mata ne, saboda mace tana yin aure sunan gidansu ya ɓace daga takarda. Mu a da mace da sunan ubanta take zama har kabari. Yanzu kun ga abin Turawa ya yi muku kyau kun ara. Jikokinku za su gode muku.

Saura wadda ba ka so, Malam, kuma sai na faɗa. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka ci Daular Sakkwato akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5 a cikinta. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, bautar kanta kuma sai a 1936 aka soke ta ɗungurungum a Arewa. Kotuna sun rubuta waɗanda suka fanshi kansu da waɗanda aka 'yanta. To ina jikokinsu? Duk wanda na tambaya jikan sarki ne, ko na limami, in ya yi tawali'u ya ce na madugu. Mutum miliyan ba su haihu ba ke nan? Kar ka ɓata rai, ba zagi ba ne. Sarakuna nawa ne ƙwarƙwara ta haifa? A fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, kuma hakimai da yawa sai sun bi ta hannunsu. Haley dai bawa ya fita nema, da alfahari, wannan kam ya fi ka. Sai dai shi ma da ya tsallaka teku, jikan babban malami ya samo, ba jikan mai dakon itace ba. Ashe cutar ba ta gidanku kaɗai ba ce.

Ka ce yanzu zamani ya zo, a tofa yawu a kwalba a aika, na'ura ta raba gardama? Tana rabawa, amma ba yadda kake so ba. Gwajin ƙwayoyin halitta ba ya faɗin suna, ba ya faɗin ƙauye, cewa kawai yake wane da wane jininsu ɗaya. Haley ya rasu a 1992. Bayan shekaru ɗan ƙanensa, Chris Haley, ya yi gwajin ta wajen uba, sai ga dangi sun ɓullo. A Gambiya? Ina! A Sukotlan. Kuma hakan ya yi daidai da abin da tsofaffin wancan ɓangaren suka daɗe suna faɗa, cewa kakan Alex na wajen uba ɗan wani Bature ne mai tsaron bayi a gona, mai suna Baugh. Tsofaffi sun sake cin gari. Kai fa, ka shirya in sakamako ya dawo ya nuna Bagadaza ba ta san da zamanku ba?

Jufure dai ba ta yi asara ba. Baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ta zuwa, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2003, a 2011 kuma gwamnatin Gambiya ta sauya wa tsibirin nan mai ganuwa suna zuwa Kunta Kinte. Dubban mutane an fitar da su ta wannan kogi kusan duk ba wanda ya rubuta sunansu, don haka in an ara musu suna guda, ni ba zan kai ƙara ba.

Kai kuma Goggo tana nan da ranta, kullum cewa kake sai an yi hutu. Je ka gaishe ta. Kunna rikodar wayar nan da na sa ka ajiye, ka yi tambaya ka ja bakinka ka tsuke. Kar ka ce mata "ko ba daga Barno muka zo ba?", don za ta ce daga Barno, tana son ka. Ka tafi da goro da turmin atamfa, amma kar ka fito da su sai ta gama. Bayan salla ka koma ka sake tambaya kamar ba ka taɓa ji ba, ka ga ko 'ya'yan sun sauya uwa. Sannan ka lallaɓa gidan 'yar kishiyar uwarta, wadda ba sa ga-maciji tun rabon gado. Ita ce za ta faɗa maka wanda Goggo ta tsallake.